Tambaya da Amsa: Me ya sa masu kenel ke rowar bit ɗaya?

TAMBAYA

  Ni ɗan Kibiya ne, ina ajin ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta a jami'ar Wudil. Idan an yi hutu nakan taya yayana zama a shagonsa na gyaran waya a Rano. Ƙorafin da na fi ji daga bakin masu kawo mana waya, musamman masu POS da 'yan kasuwa, shi ne da zarar mutum ya fita daga manhajar banki don ya duba saƙo, kafin ya dawo ta koma farko. Yawancin wayoyin nan RAM ɗinsu bai wuce giga 2 ko 3 ba. Wannan na ɗauka a matsayin aikina na kammala karatu. Dabarata ita ce in ƙara sabuwar tuta a kan shafukan memori a kenel ɗin Linux, wadda za ta nuna cewa shafi kaza na manhaja mai muhimmanci ne, kada a taɓa shi. A laftof ɗina kenel ya haɗu lafiya lau. Da na zo haɗa shi don na'ura mai bit 32 sai ya cije, wai babu sauran gurbi a tutocin shafi. Na kuma karanta cewa masu kula da kenel ba sa yarda a ƙara tuta sai an sha fama da su. Malam, bit ɗaya fa! A zamanin da ake maganar giga da tera, me ya kawo wannan rowa? Kuma yaya zan yi da aikina?

Naka, ɗalibi daga Kibiya.

AMSA

 Ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Wasiƙarka ta faranta mini rai, domin ka ɗauko matsala daga bakin mutanen da take damu, ka bi sawunta har cikin kenel. Bangon da ka yi karo da shi kuwa, manyan masana harkar sun fi shekara 15 suna karo da shi. Abin da ka kira rowa lissafi ne, kuma in ka ga lissafin, ina kyautata zaton kai ma za ka riƙe hannunka.

Mu fara da abin da tutar take

Kenel ba ya kallon RAM a dunƙule. Yanka shi yake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kilobayit 4 a yawancin na'urori, ita ce ake kira shafi. Kowane shafi yana da ɗan katinsa da kenel ke riƙe da shi, sunansa struct page a cikin kod. A na'ura mai bit 64 girman katin nan yawanci bayit 64 ne. Filin farko a jikinsa shi ne na tutoci, kuma faɗinsa kalma ɗaya ce ta firosesa: bit 32 a ƙaramar na'ura, bit 64 a babba.

Kowace tuta bit ɗaya ce, amsarta e ko a'a. PG_locked na cewa wani yana aiki a kan shafin, kowa ya dakata. PG_dirty na cewa an canza abin da ke ciki, ba a kuma rubuta shi a ma'ajiyar dindindin ba tukuna, don haka in an zubar da shi an yi asara. PG_writeback na cewa ana kan rubutawar yanzu haka. PG_uptodate na tabbatar da cewa abin da ke ciki ya gama isowa, ana iya karantawa. PG_referenced da PG_active su ke taimaka wa kenel ya gane shafin da ake yawan taɓawa da wanda aka manta da shi. PG_hwpoison, wadda Andi Kleen ya kawo a Linux 2.6.32 a 2009, tana nuna cewa wannan yanki na RAM ya lalace, kada a sake ba kowa shi. In ka buɗe fayil ɗin page-flags.h za ka ƙirga fiye da 20, gwargwadon yadda aka saita kenel ɗin.

Ka ɗauka mai sito ne a kasuwar Rano, yana da buhu miliyan ɗaya, kowane buhu an ɗinka masa 'yar takarda a baki mai gida 32 na sa alama: an biya, ba a biya ba, ya jiƙe, an yi masa magani, na ajiya ne. Ran nan wani dillali ya zo ya ce a ƙara masa gida ɗaya domin buhunansa ɗari. Mai sito ba zai iya ƙara gidan a buhu ɗari kawai ba, domin takardar iri ɗaya ce a kan kowane buhu. Ko dai ya ƙwace gidan wani, ko ya sake buga takarda miliyan ɗaya mafi faɗi. Halin da masu kenel ke ciki ke nan duk lokacin da aka zo musu da sabuwar tuta.

Lissafin da ke bayan rowar

Waya mai RAM giga 4 tana da shafi 1,048,576. Ninka da bayit 64, ka sami megabayit 64 da suka tafi a katunan kawai, kafin a buɗe manhaja ko ɗaya. Wato kusan kashi 1.6 cikin ɗari na RAM ɗin irin wannan na'ura haraji ne da ake biya don kenel ya san halin da shafukansa ke ciki. Babbar sabar mai tera 1 tana da shafi sama da miliyan 268, katunanta kuma na cin giga 16.

To, me zai hana a ƙara wa katin kalma ɗaya, bayit 8, kowa ya huta? Wayar nan mai giga 4 za ta rasa ƙarin megabayit 8, sabar kuma giga 2. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma kenel ɗaya ne ke cikin wayoyin Android na duniya, har da Tecno da itel da Infinix da ke kan teburin yayanka. Duk wanda ya faɗaɗa katin saboda buƙatarsa, ya ɗora wa mai POS na Kibiya haraji ba tare da ya sani ba, alhali shi ne ya fi kowa ƙarancin RAM.

Akwai asara ta biyu da ta fi wannan ciwo. Firosesa ba ya ɗebo bayanai daga RAM bayit-bayit. Ɗiba yake yi bayit 64 a lokaci guda, ya zuba a 'yar ma'ajiyarsa ta gaggawa. Kati mai bayit 64 ɗiba ɗaya ce cif. Da ya zama 72, kowane kati zai raba ƙafa tsakanin ɗiba biyu, kuma kenel na taɓa katunan nan ba adadi a kowace daƙiƙa. Jinkirin ƙanƙane ne a kowace taɓawa, amma yana taruwa ya zama nauyin waya da cin batir.

Dalili na uku shi ne ya sa tutocin suka cunkushe a kalma ɗaya. Wayarka na iya samun ƙwayoyin firosesa takwas, kuma biyu daga ciki na iya kai hannu kan shafi guda a lokaci guda. Firosesa na da umarni na musamman da ke canza bit a cikin kalma ɗaya a bugu ɗaya, ba tare da wani ya kutso tsakani ba. Tutar da ake son a duba ta tare da wata a bugu guda, dole su zauna a kalma ɗaya. Shi ya sa gurbin wannan kalma ya fi na ko'ina tsada.

Ina sauran gurbin ya tafi?

Za ka ce 32 a cire ashirin da 'yan kai ai da saura. Matsalar ita ce ba tutoci kaɗai ke zaune a kalmar ba. Tutoci na cika ta daga ƙasa, wasu lambobi kuma na cin ta daga sama. Akwai lambar shiyya, mai nuna wane sashe na RAM shafin yake, domin wasu tsofaffin na'urori ba sa iya kaiwa ga kowane adireshi. Tana cin bit 2 ko 3. Akwai lambar kulli, a manyan kwamfutoci da kowane rukunin firosesa ke da nasa RAM na kusa. A wasu saitunan kuma akwai lambar yanki, don na'urorin da RAM ɗinsu ke warwatse da giɓi a tsakani. Idan na sama da na ƙasa suka haɗu a tsakiya, fayil ɗin page-flags-layout.h ne ke tsayar da haɗin kenel ɗin gaba ɗaya. Saƙon da ka gani ke nan. An sa shi da gangan, domin gara haɗi ya tsaya a gabanka da a bar tuta ta hau kan lambar shiyya, kenel ya riƙa ɓata bayanan mutane a ɓoye.

Kada ka ɗauka bit 64 yalwa ce marar iyaka. A saitin manyan sabobi lambar kulli na iya cin bit 10, shiyya 3. Tsarin da ke lura da wane firosesa da wane aiki ne suka taɓa shafi a ƙarshe na iya cin har 21. Sabon tsarin tantance tsufan shafuka, MGLRU, wanda Yu Zhao na Google ya rubuta aka shigar a Linux 6.1 a Disambar 2022, yana ɗaukar bit 3 don lambar tsara, da 'yan kaɗan a kai. Haɗa su da tutoci fiye da 20, ka ga ko a can ma an kusa taɓa rufi.

Yadda na gaba suka yi da suka matsu

Nan ne darasin yake, ƙanena, don haka ka karanta a nutse. Kusan duk wanda ya sami gurbi a kalmar nan, sai da ya fara samar da shi.

Dubi labarin PG_waiters. A da, duk lokacin da aka buɗe kullen shafi, sai kenel ya je wani teburi dabam ya duba ko akwai mai jiran shafin. Galibi babu kowa, amma dole a je, kuma zuwan na cin lokaci. A Disambar 2016 Nicholas Piggin ya kawo tuta mai cewa akwai mai jira, don a daina zuwan banza. Amfanin a bayyane yake, an auna an gani, kuma ya shafi kowace na'ura. Duk da haka bai zo hannu rabbana ba. Ya fara aiko da faci da ya 'yanta bit ɗaya: ya lura cewa akwai tutar da aka ware wa tsarin fayiloli su yi amfani da ita yadda suka so, kuma shafin da makomarsa wurin musaya ce, wato inda kenel ke kai shafuka idan RAM ya cika, ba ya ƙarƙashin irin wannan amfani. Sai ya ɗora PG_swapcache a kan wannan bit, ma'ana biyu a gurbi ɗaya, wata tutar ce ke faɗa maka wacce ake nufi. Daga nan Linus Torvalds ya sa aka jera tutar kulle da ta masu jira a cikin bayit ɗaya, yadda umarni guda zai buɗe kullen ya kuma faɗi ko akwai mai jira. Duk wannan ya fito a Linux 4.10 a farkon 2017. Wannan ita ce hanya ta farko: raba gurbi tsakanin ma'anoni biyu da ba sa taɓa haɗuwa a shafi ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce ɓoye bayanin a filin da ke zaune ba aiki. A da akwai tuta mai nuna cewa shafi fanko ne, yana jiran a ba wani. Andrea Arcangeli, lokacin da yake shigar da manyan shafuka a Linux 2.6.38 a 2011, ya lura cewa katin na da ma'aunin da ke ƙirga masu amfani da shafin, kuma shafin da ba kowa a kansa ba ya buƙatar wannan ƙirga. Sai ya sa wata lamba ta musamman a ma'aunin ta zama alamar fanko, tutar ta kuɓuta. A 2018 Matthew Wilcox ya faɗaɗa dabarar ta zama filin nau'in shafi, kuma a Linux 6.10 a 2024 aka mayar da alamar shafukan slab (waɗanda kenel ke yankawa ƙanana don amfanin kansa) can, aka sake samun bit ɗaya. Kirill Shutemov ya yi makamancin haka a Linux 4.4. Idan an haɗa shafuka da yawa suka zama babba ɗaya, na baya suna riƙe da adireshin na gaba. Bit na ƙarshe a irin wannan adireshi kullum sifili ne, saboda yadda ake jera katuna a memori. Sai ya mai da wannan sifilin da ke zaman banza ya zama alamar shafin baya, aka soke tutar da ke wannan aiki.

Hanya ta uku ita ce fita waje. Akwai tsarin da ake kira page_ext, wani teburi na gefe da ke ba kowane shafi ƙarin wuri, wanda sai an kunna abin da ke buƙatarsa ake kashe masa RAM. Da Vladimir Davydov ya kawo hanyar gano shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba a Linux 4.3 a 2015, yana buƙatar tuta biyu. A na'ura mai bit 64 an ba shi su a cikin kalmar. A mai bit 32 kuwa sai aka kai su teburin gefe. Ya fi jinkiri kaɗan, amma wanda bai kunna ba bai biya komai ba, kuma adalcin ke nan.

Akwai kuma gyara na dogon zango. Tun Linux 5.16 a farkon 2022 aka shigar da folio, aikin Matthew Wilcox, wanda ke ba kenel damar kula da tarin shafuka a matsayin abu ɗaya. Burin da ya bayyana shi ne wata rana katin kowane shafi ya ragu zuwa bayit 8, ya zama manuni kawai zuwa bayanin da ya dace da irin shafin. Aiki ne na shekaru, ana kan yinsa. Ka lura da alƙiblar: ƙoƙarin masana shi ne katin ya ƙanƙance.

Yanzu ga aikinka

Zan gaya maka gaskiya domin ina son aikin ya yi kyau: ko da an ba ka bit ɗin kyauta, ba zai magance kukan masu POS ba.

Abin da ke faruwa a yawancin lokuta shi ne, idan RAM ya yi ƙaranci, Android na da wani ɗan aiki mai suna lmkd da ke kashe manhaja ɗungurungum, yana farawa da waɗanda ke bayan fage, bisa makin muhimmanci da tsarin ya ba kowacce. Shi manhaja yake kallo, ba ya bin shafi ɗaya-ɗaya. Tutarka na iya hana a kwashe shafi, amma ba za ta hana a kashe mai shafin ba. Hasali ma, yawan shafukan da ka hana taɓawa na rage abin da kenel zai iya kwasowa, matsi ya ƙaru, a fara kisa da wuri. Ka kuma tuna cewa wasu manhajojin banki da kansu suke fitar da mutum idan ya bar su, saboda tsaro. Wannan ba ruwansa da RAM ko kaɗan.

Sannan abin da kake son tutar ta faɗa, akwai masu faɗarsa tuni. Kiran mlock na hana a kwashe shafukan da shiri ya nema, kuma tun Linux 2.6.28 a 2008 akwai PG_mlocked da PG_unevictable don haka. Akwai kuma rukunonin sarrafa memori, cgroup, inda memory.min da memory.low ke ba ka damar cewa rukunin kaza a bar masa aƙalla kaza. Muhimmanci sifa ce ta manhaja. Rubuta ta sau ɗaya a kan manhajar ya fi rubuta ta sau dubu ɗari a kan shafukanta. Ga kuma tambayar da duk mai duba facinka zai yi maka: shafin da manhajar banki da manhajar wasa ke amfani da shi tare, kamar na ɗakunan kod da duk manhajoji ke rabawa, mai muhimmanci ne ko a'a? Wa zai ɗaga tutar, wa zai sauke ta, kuma yaushe?

Saboda haka kafin kowa ya nemi tuta, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya amsa wa kansa. Shin bayanin na shafi ne da gaske, ko na wani abu ne mafi girma? Shin ana iya gano shi daga abin da ke akwai? Shin dole ne a canza shi a bugu ɗaya tare da wata tuta? Shin yawancin na'urori za su amfana, ko kaɗan ne? Wanda amsarsa ta tsaya daram a duka huɗun, ya zo da alƙaluman gwaji, shi ake saurara, kuma ko shi an fi son ya zo da bit ɗin da ya 'yanta.

Shawarata ita ce ka juya aikin ya zama na aunawa, domin nan kake da abin da wasu ba su da shi. Shagon yayanka na ganin irin wayoyin da mutanenmu ke riƙewa da gaske, da irin manhajojin da suke cusa musu. Ka sami waya biyu ko uku masu ƙaramin RAM, naka ko na shago, ka haɗa da laftof ta adb, ka karanta logcat, kundin da Android ke rubuta abin da ke faruwa a wayar, yayin da kake kwaikwayon aikin mai POS: banki, saƙo, kira, komawa banki. Za ka ga lokacin da lmkd ya yi kisa da wanda ya kashe, ka kuma rarrabe shi da fitar da manhaja ta yi don kanta. Wayar kwastoma kuwa amana ce, kada ka haɗa ta da komai sai da izininsa, kuma ka nisanci bayanan kuɗinsa.

A ɓangaren kenel, ka girka QEMU a laftof ɗinka, ka ba na'urar gwajin RAM kaɗan, ka matsa mata. Fayil ɗin /proc/kpageflags da ɗan shirin page-types da ke cikin kundin kenel za su nuna maka tutocin kowane shafi ido da ido, ka ga yadda suke sauyawa idan matsi ya zo. Ka gwada da MGLRU a kunne da kuma a kashe, ka gwada memory.low a kan rukuni ɗaya, ka rubuta abin da ya canza. In har bayan wannan kana ganin akwai bayanin da dole sai a kan shafi zai zauna, ka gina shi a page_ext. Zai haɗu a bit 32 da 64 duka, kuma ba ka taɓa gurbin kowa ba. Babin da ka bayyana dalilin da ya sa ka fasa ƙara tuta, da lissafinsa, zai iya zama mafi ƙarfi a kundin naka.

Kira na ƙarshe gare ka da sauran ɗalibanmu na Rano da Kibiya da Bunkure, na Wudil da na makarantar fasaha da ke Rano: ku buɗe kod ɗin kenel ku karanta, kyauta ne, kuma tsohuwar laftof ta isa. Ku fara da page-flags.h, ku bi tarihin kowace tuta ku ga wanda ya kawo ta da abin da ya biya kafin a karɓa. Mutanenmu ne ke riƙe da wayoyi mafiya ƙarancin RAM, don haka mu ne muka fi kowa cin moriyar wannan tsantseni, kuma ya dace a sami 'ya'yanmu cikin masu yin sa. Idan ka kammala gwajin, ka aiko mana da sakamakon mu buga a wannan fili domin na baya su amfana. Ka gaishe da yayanka. Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya.